Gaban kanta da bayan kanta: Yadda fina-finan 'Ikiru' da 'Mandabi' ke hana ma'aikacin gwamnati sakat

A farkon fim ɗin Ikiru, wanda Akira Kurosawa na ƙasar Japan ya shirya a 1952, wasu mata 'yan unguwa ɗaya sun yi gayya zuwa ofishin hukumar birni da koke guda. Akwai wani kududdufin ruwan kwata a unguwarsu, yana wari, yana tara sauro, yana sa wa 'ya'yansu ciwo. Buƙatarsu ita ce a cike shi, in da hali a mayar da wurin filin wasan yara.

Sashen sauraron koken jama'a ya tura su sashen ayyuka. Sashen ayyuka ya ce maganar ta masu kula da wuraren shaƙatawa ce. Daga nan aka yi ta mirgina su: sashen lafiya, sashen tsafta, masu magudanan ruwa, masu hanyoyi, 'yan kwana-kwana, sashen ilimi, har suka dangana da ofishin mataimakin magajin gari. Shi kuma ya tarbe su da fara'a, ya yaba da kishinsu, ya ce ai saboda irinsu aka buɗe sashen sauraron koken jama'a. Wato inda suka fito da farko.

Kurosawa ya ɗauki wannan zagaye ta yadda kowane ma'aikaci yake fuskantar kyamara yana ba da uzurinsa, sai mai kallo ya ji kamar shi ne a tsaye gaban kanta ana ce masa ya ƙara gaba. Wanda bai taɓa aikin ofis ba zai yi dariya ya wuce. Wanda ya shafe shekaru yana safiya a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, ko a wata hukuma a Garki ko Maitama, shi ma zai yi dariyar, sai dai tasa ba ta yin tsawo. Ya san waɗannan kalamai sarai. Wataƙila ma ya furta irinsu a makon jiya, kuma a lokacin bai ji ya yi wani laifi ba.

Ikiru, wanda ma'anarsa ita ce "a rayu", yana cikin fina-finan da masana suka daɗe suna sakawa a sahun gaba. Haka ma Mandabi na Ousmane Sembene na Senegal, wanda ya fito a 1968. Ƙasashen biyu ba su haɗa harshe ko addini ba, kuma shekara 16 ce tsakanin fina-finan. Abin da ya haɗa su shi ne kantar ofis. Ɗaya ya ba da labarin mutumin da ke zaune bayanta, ɗaya kuma na wanda ke tsaye gabanta. Wanda ya kalle su a jere, in dai albashinsa daga baitulmali yake fitowa, da wuya ya tashi yadda ya zauna.

Labarin da ya fara da tona ƙarshensa

Hoton farko a Ikiru hoton asibiti ne na tumbin wani mutum. Wata murya ta ce wannan cikin jarumin labarin ne, yana ɗauke da ciwon daji, amma shi bai sani ba tukuna. Daga nan aka nuno shi: Kanji Watanabe, shugaban sashen sauraron koken jama'a, a duƙe cikin tulin fayiloli, yana danna hatimi a takarda bayan takarda. Ya kusa cika shekara 30 bai yi fashin aiki ko na yini ɗaya ba, kuma a tsawon shekarun babu wani abu da za a nuna a ce shi ya yi.

Mai kallon da ya saba da labarin da ake ɓoye ƙarshensa zai yi mamakin wannan shiga. An cire masa tambayar ko mutumin zai mutu, an bar shi da wadda ta fi ta nauyi, wato me zai yi da 'yan watannin da suka rage masa.

Wasu ƙananan abubuwa biyu a wannan buɗewa sukan tsaya wa ma'aikaci a rai fiye da maganar cutar. Na farko, Watanabe ya jawo aljihun teburinsa yana neman abin goge hatimi, sai ya yago shafin farko na wata takarda. Takardar shawara ce da shi kansa ya rubuta tun yana da ƙuruciya a aikin, kan yadda za a gyara tafiyar da ofis. Ba a yi wani bayani a kai ba, hoton kawai aka nuna. Duk wanda ya taɓa kwana yana tsara wata shawara a shekarunsa na farko, ya miƙa, ta shiga fayil ba ta sake fitowa ba, ba ya buƙatar a fassara masa.

Na biyu wata barkwanci ce da wata matashiyar ma'aikaciya mai suna Toyo ta karanto a ofis tana ƙyalƙyala dariya. An tambayi wani ma'aikaci dalilin da ba ya ɗaukar hutu, ko don aiki ba zai tafi ba in ba ya nan? Ya ce a'a, tsoronsa kada a gane cewa aiki zai tafi daidai ko ba ya nan. Babu wanda ya taya ta dariya a ofishin.

Likita bai faɗa wa Watanabe gaskiya ba, ya ce gyambon ciki ne mai sauƙi, kamar yadda likitocin Japan suka saba yi a wancan zamani. Amma wani majinyaci ya riga ya zayyana masa a ɗakin jira irin kalaman da likita kan yi wa wanda kwanansa ya ƙare, don haka ya gane. Ya koma gida da niyyar gaya wa ɗansa, wanda ya reno shi kaɗai tun rasuwar matarsa, sai ya tarar ɗan da matarsa suna lissafin kuɗin sallamarsa. Ya haɗiye maganar. Ya daina zuwa ofis, ya ciro yen 50,000 daga ajiyarsa, ya bi wani marubuci yawon dare a gidajen rawa da shaye-shaye, ya dawo bai sami komai ba sai gajiya.

Wadda ta juya masa tunani ita ce Toyo. Aikin ofis ya gundure ta, ta biyo shi da takardar ajiye aiki don ya danna mata hatimi. A hirarsu ta gaya masa laƙabin da ta sa wa kowane ma'aikaci, har ta zo kan nasa: busasshiyar gawa, irin wadda mutanen Masar na dā suke naɗewa su adana. Ta koma aiki a wata masana'antar kayan wasan yara, tana haɗa zomayen da ake murɗa musu mabuɗi su yi tsalle. Da ya matsa mata da tambayar inda take samun walwalarta, ta ce ba ta da wani sirri, sai dai idan tana haɗa zomayen takan ji kamar tana wasa da dukan yaran Japan. Sai ta ce shi ma ya yi wani abu mana. Ya ce a ofis irin nasu me za a iya yi? Ya yi shiru, sai ya tuna da fayil ɗin matan nan.

Akta ya mutu, fim bai ƙare ba

Masu kallon fina-finan Indiya a gidajen silima na Kano da Kaduna suna da wata magana, cewa akta ba ya mutuwa, in kuwa ya mutu fim ya ƙare. Ikiru ya karya wannan doka. Watanabe ya koma ofis, ya zaro fayil ɗin, ya ɗauki hularsa ya nufi unguwar. A daidai inda mai kallo ya gyara zama don ya ga gwagwarmaya, sai muryar nan ta dawo ta ce bayan wata biyar jarumin labarin ya rasu. Kusan sulusin fim ɗin ya rage, kuma yawancinsa a ɗaki ɗaya aka yi shi, wurin zaman makoki.

An gina filin wasan. A cikinsa ma aka tsinci gawar Watanabe a wani dare mai dusar ƙanƙara. 'Yan jarida sun zo suna tambayar mataimakin magajin gari ko gaskiya ne mamacin ne ya yi aikin amma ba a ambace shi a bikin buɗewa ba. Ya amsa da cewa a tsarin gwamnati babu mutum ɗaya da ke gina komai, sannan ya koma ciki ya nuna cewa in ma yabo za a yi, shi ya cancanta. Shugabannin sassa suna gefensa suna gyaɗa kai. Ana cikin haka matan unguwar suka shigo, ba su ce wa kowa komai ba, suka durƙusa gaban hoton mamacin suka yi ta kuka. Manyan suka rasa inda za su sa idonsu, ba da jimawa ba suka yi sallama.

Waɗanda suka rage su ne ƙananan ma'aikata. Bisa al'adarsu ta zaman makoki suna shan giya, harshe ya saki, suka shiga gardama. Me ya canza mutumin nan? Ya san zai mutu ko bai sani ba? Kowa ya kawo ɗan abin da ya gani. Wani ya tuna yadda ya yi ta zarya tsakanin sassa yana rusuna wa har waɗanda ba su kai shi matsayi ba, yana zaune gaban teburin mutum ya ƙi tashi sai an sa hannu. Wani ya tuna ranar da mataimakin magajin gari ya ce a jingine maganar, Watanabe ya sunkuyar da kai, murya na rawa, ya roƙi a sake dubawa, abin da ba a taɓa jin ƙaramin jami'i ya yi ba. Wani ya tuna 'yan daban da ke son filin don gina wuraren shaye-shaye sun tare shi, suka ga idonsa, suka ba shi hanya. Da aka tambaye shi ko wulaƙancin da ake yi masa ba ya ba shi haushi, sai ya ce ba shi da lokacin da zai ɓata wajen ƙin mutane.

A nan dabarar Kurosawa da abokan rubutunsa, Shinobu Hashimoto da Hideo Oguni, take. Da sun nuna gwagwarmayar kai tsaye, da mai kallo ya shiga rigar jarumi, ya ji daɗin nasara, ya tafi yana ganin kansa Watanabe. Da suka ba da ita ta bakin abokan aiki, sai mai kallo ya tsinci kansa zaune a tabarmar makoki, cikin masu lissafin abin da wani ya yi wanda su ba su yi ba. Duk wanda ya taɓa zuwa ta'aziyyar abokin aiki, ya ji ana ta yabon kirkinsa daga bakin waɗanda suka riƙe takardar ƙarin girmansa, ya san wannan ɗaki.

Ga hadiman manyan jami'ai, wurin da ya fi ɗaci shi ne layin masu gyaɗa kai. Fim ɗin bai nuna su a matsayin azzalumai ba. Mutane ne da suka koyi karanta fuskar maigida kafin su buɗe baki, kuma wannan ilimi ne ya kai su inda suke. Amma ta hannunsu takarda kan isa tebur ko ta kwana a tire, kuma su ne suka san ainihin wanda ya yi wahalar aikin a ranar da ake rabon yabo.

Wanda ke tsaye gaban kanta

Mandabi ya ɗauko labarin daga ɗaya gefen. Sembene, wanda aka haifa a Ziguinchor a 1923, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa kafin ya zama marubuci. Ya lura cewa mutanen da yake rubutu a kansu yawancinsu ba sa iya karanta littattafansa na Faransanci, sai ya tafi Mosko ya koyi shirya fim. Yakan kira silima makarantar dare. Ya ɗauko Mandabi daga wani gajeren littafinsa, ya yi shi da harshen Wolof, abin da ya sa ake lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da aka yi da wani harshen Afirka ta Yamma. Ya sami kyauta a bikin fina-finai na Venice a 1968.

Ibrahima Dieng magidanci ne a Dakar, da mata biyu da 'ya'ya bakwai, ya daɗe ba shi da aiki, amma babbar rigarsa da takunsa na masu hali ne. Wata rana ɗan 'yar'uwarsa Abdou, mai sharar titi a birnin Paris, ya aiko masa da takardar kuɗi ta gidan waya, sefa 25,000. Wasiƙar ta fayyace rabon: 20,000 a ajiye wa Abdou, 3,000 a ba mahaifiyarsa, 2,000 na kawu ne. Kafin Dieng ya ga ko sisi, labari ya gama unguwa. Matansa sun ciyo bashin shinkafa, maƙwabta sun fara sallama da buƙatunsu.

A gidan waya aka ce sai da katin shaida. A ofishin 'yan sanda aka ce katin shaida sai da takardar haihuwa da hotuna. A ofishin magajin gari aka ce takardar haihuwa sai ya faɗi ranar da aka haife shi, shi kuwa abin da ya sani kawai shi ne wajajen 1900. Ba ya jin Faransanci, ba ya karatun boko, don haka a kowace ƙofa akwai wanda zai karanta masa ko ya shige masa gaba, kuma kowa da ladansa. Mai hoto ya karɓi kuɗinsa bai ba shi hoto ba, aka ƙare da duka. 'Yar'uwarsa ta zo daga ƙauye neman kasonta, aka jinginar da gwal ɗin matarsa. Daga ƙarshe wani ɗan boko mai kwat da mota, Mbaye, ya ce a sa masa hannu a takardar wakilci ya karɓo kuɗin. Ya karɓo, ya dawo ya ce an yi masa sane.

Rabin farko na fim ɗin ban dariya ne. Dieng yana cin tuwo har ya kasa tashi, yana yi wa matansa tsawa, yana gyara babbar riga a titi kamar hakimi. Sembene ya bar mai kallo ya yi masa dariya son ransa. Sai a hankali rigar ta fara yamutsewa, takun ya ragu, mutumin da ke ba da umarni a gidansa ya koma mai rarraba ido a gaban yaron da bai kai ɗansa ba. Babu wani wuri guda da za a ce nan dariya ta ƙare. Mai kallo dai yakan farga cewa ya daina, kuma yana jin kunyar wadda ya yi a baya.

Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan labari. Takardar rantsuwar shekaru da ake yi a kotu ta samu gindin zama ne saboda miliyoyin mutane an haife su ba a rubuta ba. Lokacin da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa a Disambar 2020, an ga dattawa irin Dieng a dogayen layuka tun asuba. Kuma a bakin ofisoshi da yawa akwai mai cewa a kawo ya taimaka.

Babu bos

Abin da ya fi damun mai kallo a fina-finan biyu shi ne rashin wanda za a ɗora wa laifi a huta. A fim ɗin da aka saba, akwai jarumi akwai bos, kuma idan bos ya faɗi an gama. A Mandabi, akawun gidan waya da ya ƙi biyan Dieng yana kan daidai, domin kuɗin wani ne, kuma biyan mutum ba tare da shaida ba shi ne ƙofar sata. Ɗan sandan da ya nemi takardar haihuwa yana bin ƙa'ida. Ma'aikacin da ya ce ba zai iya binciko rajista ba tare da kwanan wata ba bai yi ƙarya ba. Kowannensu zai iya kare kansa gaban kowane kwamitin bincike. Duk da haka mutum ya shigo da haƙƙinsa a hannu ya fita da bashi. Mbaye ɓarawo ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma waɗanda suka tsaga bangon duk masu bin doka ne.

Haka abin yake a Ikiru. Babu wanda ya nemi cin hanci wurin matan nan, babu wanda ya zage su. Kowane sashe yana da hujjar cewa maganar ta fi kusa da wani sashen. Ma'aikacin da ya san hannunsa tsarkakakke ne, bai taɓa taɓa kuɗin gwamnati ba, yakan shiga fina-finan nan da natsuwar cewa ba da shi ake ba. Sai ya tarar ba a maganar ɓarayi ake yi ba, da masu gaskiya irinsa ake.

Wannan ba ya nufin ƙa'ida aibi ce. Watanabe bai tsallake ko mataki ɗaya ba. Bai ƙirƙiri sa hannun kowa ba, bai kewaye wani ofis ba. Fayil ɗin ya bi ta duk teburan da doka ta ce ya bi. Bambancin kawai shi ne wani ya ɗauke shi da ƙafarsa, ya tsaya a kansa, ya ɗauki matsalar tamkar tasa.

Fim ɗaya, kallo daban-daban

Shahararren mai sharhin fina-finai na Amurka, Roger Ebert, ya rubuta cewa yakan sake kallon Ikiru kusan duk bayan shekara biyar. Ya ce yayin da shekaru suke ƙaruwa masa, sai ya riƙa daina ganin Watanabe a matsayin wani tsoho abin tausayi, ya koma ganinsa kamar kowa. Ya kuma sa shi cikin 'yan tsirarun fina-finan da a ganinsa za su iya sa mutum ya ɗan sauya yadda yake rayuwa.

Marubuci Kazuo Ishiguro, wanda aka haifa a Nagasaki a 1954, ya tashi a Ingila, ya kuma ci kyautar Nobel ta adabi a 2017, ya sha faɗin cewa ya ga fim ɗin tun yana yaro kuma bai rabu da shi ba. Abin da ya ɗauka daga ciki shi ne cewa mutum ba sai ya yi suna ba kafin rayuwarsa ta yi ma'ana, kuma bai kamata ya jingina gamsuwarsa ga yabon mutane ba. Shekaru da yawa bayan haka ya sake rubuta labarin, ya mayar da shi Landan ta 1953. Fim ɗin, mai suna Living, ya fito a 2022 ƙarƙashin jagorancin Oliver Hermanus na Afirka ta Kudu, Bill Nighy ya fito a matsayin ma'aikacin. An tsayar da Nighy da Ishiguro takarar kyautar Oscar. Shi kansa Kurosawa ya sami tushen tunanin ne daga wani labarin Leo Tolstoy na Rasha kan mutuwar wani alƙali mai suna Ivan Ilyich. Labari ne da ya ratsa Rasha da Japan da Ingila bai canza kama ba.

A aikin gwamnatin tarayya, inda mutum kan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, matsayin mai kallo yakan raba abin da zai gani. Sabon ɗauka yakan ga kansa a Toyo, ya tambayi kansa ko zai iya jure shekara 30 a wannan kujera. Na tsakiya, mai jiran jarrabawar ƙarin girma, yakan fi jin zafin ɗakin makokin. Wanda ya fara ƙirga watannin da suka rage masa kuwa, yakan ga fina-finan biyu sun haɗe wuri ɗaya, domin ya san ba da jimawa ba zai zagayo ta gaban kanta da takardunsa a leda, yana neman a tantance shi don fansho. Watanabe na bana shi ne Dieng na baɗi.

Abin da ke kan takarda

Ba a rasa yunƙurin gyara ba. A 2004, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, an kafa SERVICOM don ma'aikatu su yi wa jama'a alkawarin irin hidimar da za su samu da lokacin da za ta ɗauka. A Mayun 2017, Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a wani umarni da ya tanadi abubuwa biyu masu kama da amsa ga fina-finan nan. Na farko, idan hukuma ta wuce wa'adin da ta ɗibar wa kanta ba ta ce komai ba kan wata buƙata, a ɗauka ta amince. Na biyu, idan wata hukuma tana buƙatar tabbatar da takardar da wata hukumar ta bayar, ita ce za ta nemi tabbacin da kanta maimakon ta tura mai buƙata yawo. A ƙasashen da aka yi fina-finan, da an yi aiki da irin wannan tanadi, da zaryar matan nan da ta Dieng ta ragu ƙwarai.

Sai dai Ikiru ya riga ya yi hannunka-mai-sanda kan wannan. Sashen da Watanabe ke shugabanta shi kansa gyara ne, an buɗe shi ne don koken jama'a ya sami ƙofar shiga, sai ya zama wata tasha a cikin zagayen. Doka tana iya buɗe ƙofa, amma wanda ke zaune a bakinta ranar Talata da ƙarfe biyu shi ke yanke ko za a shiga.

Washegari

Kusa da ƙarshen zaman makokin, wani ɗan sanda ya shigo da hular Watanabe. Ya ce ya gan shi a daren da ya rasu, zaune a kan lilo a filin da ya gina, ƙanƙara na zuba, yana rera wata tsohuwar waƙa a hankali, kuma da alama yana cikin farin ciki. Takashi Shimura, wanda ya fito a matsayin Watanabe, yana da shekara 47 a lokacin, amma a wannan hoto ya zama tsohon da ya gama sauke kayansa. A nan yawancin masu kallo suke share ido.

Ma'aikatan da ke ɗakin su ma sun yi kuka. Suka tashi suna rantsuwa cewa daga yau sun canza, za su yi aiki irin na marigayi, za su sadaukar da kansu ga jama'a.

Sai aka nuno ofis. Sabon shugaba yana kan kujerar Watanabe. An kawo koke cewa ruwan kwata ya malale a wata unguwa. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce a tura su sashen ayyuka. Wani ma'aikaci mai suna Kimura, wanda ya fi kowa kare marigayin a wurin makoki, ya miƙe zumbur har kujerarsa ta faɗi. Ya dubi abokan aikinsa, kowa ya sunkuyar da kai. Ya ɗaga kujerar, ya zauna, tulin fayiloli ya rufe fuskarsa.

Wannan ne wurin da fim ɗin ya fi kama mai kallo, domin ya riga shi sanin abin da zai yi. Hawayen da ya share da ƙudurin da ya ɗauka yana kallo, duk an nuna masa su a fuskar mutanen da suka koma gidan jiya da gari ya waye. Mandabi ma bai yi alkawarin komai ba. Dieng, bayan an cinye shi, ya ce shi ma daga yau zai zama maƙaryaci kamar kowa. Ma'aikacin gidan wayan da ya kawo wasiƙar tun farko, wanda shi ne ƙaramin jami'in gwamnati a duk labarin, ya ce masa a'a, za a gyara ƙasar, kuma masu gyaran su ne shi da Dieng da matansa da 'ya'yansa. Sembene bai nuna ko an gyara ba.

Da yamma, bayan an tashi daga aiki, Kimura ya bi ta kan wata gada. Ya tsaya ya leƙa ƙasa. Yara suna wasa a inda kududdufin yake a dā, wata uwa tana kiran ɗanta ya zo cin abinci, yaron ya sauka daga lilo ya ruga, lilon ya ci gaba da kaɗawa. Kimura ya ɗan jima yana kallo, sannan ya kama hanyar gida. Gobe akwai aiki, kuma koken ruwan kwatar nan yana can a sashen ayyuka.